Igiyar Bar-su

Shekara uku Bar-su yana ɗaure
a gindin darbejiya, bayan garejina a Mabera.
Ya san kukan kowane babur a unguwa,
ya san takun ɓarawon batir,
bai san ɗan'uwansa kare ba.
Ranar da kwikwiyon Modi mai faci ya leƙo,
ciki kamar gora, wutsiya na rawa,
Bar-su ya cafke shi a kunne.
Na biya kuɗin allura.
Modi ya daina amsa gaisuwata.

Barmo ne ya ce in kawo shi.
Tsohon mafarauci, haƙora huɗu a baki,
karnuka bakwai a bayansa kamar jikoki.
"Taho Kwalkwalawa bayan asuba, ƙasan gada,
kahin rana ta taso da hushinta."

Muka je. Raɓa na kan ganyen albasa,
gulbin Rima na tafiya, ba ya sauri.
Na naɗe igiya sau uku a hannu.
Gashin bayan Bar-su ya miƙe kamar ƙaya.
Barmo bai dubi kare ba, hannuna ya duba.
"Mi kaka riƙo haka, sa na?
Tsoronka na bin igiyag ga kamar wuta bisa waya,
shi ko yana jin shi ga wuya."

Bai haɗa su goshi da goshi ba.
Ya zaɓo tsohuwar karya, Ta-gaji, mai tabo a hanci,
muka bi bakin ruwa, shi can, ni nan,
tsakaninmu faɗin kunya goma.
Ba wanda ya kalli wani.
Aka watse.
Na ce a raina, man babur ya ƙone a banza.

Kwana huɗu, kunya goma ta koma biyu.
Ta-gaji ta lanƙwaso ta gefe kamar lauje,
ta juya masa baya, ta tsaya.
Ya sunsuna. Ya daɗe,
kamar mai karanta wasiƙa
daga garin da aka yanke masa cibi.
"Ƙyale shi," in ji Barmo, "gaisuwassu ta.
Kai ma ba a katse ma ina gajiya."

Sai wata Laraba
ta sauke ƙirji ƙasa, ƙugu a sama,
baki a buɗe, harshe na lilo.
Bar-su ya waiwayo ya dube ni.
Wallahi ya dube ni.
Na kwance igiya.

Gudun wanda bai taɓa gudu ba,
ƙafafu huɗu, kowace da inda ta nufa.
Ya bangaje ta fiye da kima,
ta yi ƙara ɗaya, ta tsaya cak, ta kau da kai.
Wasa ya mutu.
Na yunƙura, sandar Barmo ta tare ni:
"Zamna, malama na aiki."
Ta kaɗe jiki, shi ma ya kaɗe,
aka sake sabon lale.
Wannan karon da kansa ya faɗi a yashi,
ya ba ta ciki, ya bar ta ta ci.

"In mai kora ya koma abin kora, wasa na.
In guda ka ƙasa kullum, wutsiya matse,
shiga ka raba, ba da duka ba."

Yanzu yana barci da rana kamar mai kuɗi,
ƙafafu na motsi, yana koran wani a mafarki.
Ɓarawon batir bai sami sauƙi ba, har yau.

Kwikwiyon nan ya girma, kunne ɗaya a tsage.
Jiya na bi ta gaban rumfar Modi
da Bar-su, igiya sako-sako,
su can, mu nan, titi a tsakani.
Karnuka suka ɗaga hanci.
Modi ya ci gaba da goge tayarsa,
ni ma ban kalle shi ba.

Gobe zan rage kunya ɗaya.